Abin da Ke Ɓoye Shi Ke Riƙe da Abin da Ke Fili

Nassin Karatu: Ayuba 28:1-28; Karin Magana 4:23; Wahayin Yahaya 2:1-5

 

Da ranin da ya wuce rijiyar gidanmu ta ƙafe, muka kira masu haƙa domin su ƙara mata zurfi. Jikana ɗan shekara takwas ya tsuguna a gefe yana kallon ƙasar da ake fitarwa, da farko ja, can kuma ta koma marmara. Sai ya ɗaga kai ya ce mini, "Kaka, in suka yi ta haƙawa ba su daina ba, me za su tarar?" Kafin in buɗe baki, mutumin da ke cikin ramin ya amsa daga can ƙasa, "Ruwa, sai dutse, daga nan kuma sai Allah." Muka yi dariya. Amma da dare tambayar ta hana ni sakat. Kowace rana muna taka ƙasar nan, muna nomanta, muna gini a kanta, a cikinta kuma muke binne ƙaunatattunmu, duk da haka kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da ke cikinta. A wannan fitowa ina so mu leƙa cikin duniya tare, domin akwai wa'azi a can ƙasa wanda ya shafi kowane gidan mai bi.

Iyakar inda ɗan adam ya kai

Ayuba sura 28 ta zana mana hoton mahaƙin ma'adinai. Yana shiga rami da fitila, yana lilo a jikin igiya nesa da mutane, yana fasa duwatsu domin neman azurfa da zinariya da ƙarfe da tagulla. Wanda ya tashi a Filato, ya ga ramukan kuza da ke kewaye da Bukuru da Barikin Ladi, ba ya bukatar a fassara masa wannan sura. A aya ta 5 marubucin ya lura cewa ƙasar da ke ba mu abinci daga sama, can ƙarƙashinta kamar wuta ce ta birkice ta.

To, ina ne iyakar haƙan ɗan adam? Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai kimanin kilomita 6,371, wato kusan sau huɗu na tafiyar mota daga Legas zuwa Maiduguri. Ramin zinariya na Mponeng a Afirka ta Kudu, wanda ke cikin mafi zurfi da mutane ke shiga da ƙafarsu, ya kai kimanin kilomita 4. A shekarar 1970 masanan Tarayyar Sobiyet suka soma huda ƙasa a yankin Kola, can arewacin Rasha, da nufin su ga iyakar da injin zai kai. A 1989 suka kai mita 12,262. A nan zafi ya kai digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, dutse ya daina tsayawa yadda injin ke so, daga baya aka dakatar da aikin. Shekara kusan ashirin ana fama, abin da aka samu bai kai tafiyar Jos zuwa Bukuru ba, bai kuma kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na hanyar ba. Tambayar da Ubangiji ya yi wa Ayuba a sura 38, game da inda yake sa'ad da aka kafa harsashin duniya, har yau tana nan da nauyinta.

Girgiza ce ke tona abin da ke ciki

Idan ba wanda ya taɓa zuwa can, ta yaya aka san abin da ke ciki? Uwayenmu mata sun san amsar. Idan mace za ta sayi tukunyar ƙasa a kasuwa, takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne. Ƙarar ce za ta faɗa mata ko akwai tsaga a ɓoye. Haka masana suke yi da duniya, sai dai girgizar ƙasa ce ke yi musu ƙwanƙwasar.

Duk lokacin da aka yi babbar girgiza, motsinta yakan ratsa cikin duniya har na'urori su ji shi a wasu nahiyoyi. Motsin iri biyu ne. Akwai mai turawa gaba da baya, wanda ke ratsa dutse da ruwa duka. Akwai kuma mai karkaɗawa gefe da gefe, wanda ba ya iya ratsa abin da yake ruwa-ruwa. Ta wurin auna lokacin da kowanne ya iso, da wuraren da ya kasa isa, aka zana taswirar cikin duniya. A 1906 wani Bature ɗan Birtaniya, Richard Oldham, ya nuna cewa akwai wata ƙwaya dabam a tsakiya. A 1909 Andrija Mohorovičić na ƙasar Kuroshiya ya gano iyakar da ta raba ɓawon duniya da abin da ke ƙarƙashinsa. A 1936 kuma wata mace 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, ta yi nazarin bayanan girgizar da aka yi a Niyu Zilan a 1929, ta gane cewa a cikin ƙwayar nan akwai wata ƙwaya kuma.

Hoton da aka samu ya yi kama da dafaffen ƙwai. Akwai ɓawo, inda muke zaune: kaurinsa kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku, a ƙarƙashin nahiyoyi kuwa wajen 30 zuwa 50. Daga nan sai tsoka, mai kama da farin ƙwai, wadda ta kai zurfin kusan kilomita 2,900. Dutse ne mai zafi, ba narkakke ba, amma yana motsi a hankali ƙwarai, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar saurin tsirar farce. Sai gwaiduwa, wadda zan kira zuciyar duniya. Sashenta na waje narkakken ƙarfe ne da ke gudana, har zuwa zurfin kimanin kilomita 5,150. Sashen ciki kuwa dunƙulen ƙarfe ne da nikel, zafinsa ya haura digiri 5,000, kusan daidai da fuskar rana, amma nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa.

'Yan'uwa, ku lura da wannan. Lokacin da ƙasa take kwance lafiya, ba ta faɗa wa kowa abin da ke cikinta. Mutanen Kwoi da suka ji ƙasa ta motsa a watan Satumba na 2016, da na Mpape a Abuja a 2018, sun san tsoron da ke cikin wannan. Amma da wannan abin tsoro ne aka san cikin duniya. Haka gida yake. Ranar da albashi ke zuwa a kan kari, yara suna lafiya, rumbu yana cike, kowa salihi ne. Ranar da aka sallami maigida daga aiki, ko likita ya faɗi sunan cutar da ba a so a ji, ko 'yar da aka sa wa rai ta dawo daga makaranta da ciki, ran nan ne ake jin ƙarar tukunya. A kurkukun Filibi girgiza ɗaya ta sami mutane iri biyu (Ayyukan Manzanni 16:25-34). Ta sami Bulus da Sila suna addu'a da waƙa da tsakar dare, ta sami mai tsaron kurkuku kuma ya zare takobi zai kashe kansa. Abin da ke cikin kowannensu ya riga ya kasance, girgizar fito da shi kawai ta yi. Mu gode wa Allah cewa a daren nan mai tsaron ya sami ceto, shi da dukan gidansa.

Mai nauyi ne ke gangarawa tsakiya

Da me aka yi duniya? Abubuwa huɗu ne suka ɗauki kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinta: ƙarfe kusan kashi 32, oksijin kusan 30, silikon kusan 15, magnesiyam kusan 14. Oksijin ɗin nan da muke shaƙa, mafi yawansa a ɗaure yake cikin duwatsu, haɗe da silikon. Yashin da ke bakin rafi, su biyun ne.

Amma ba a raba su daidai a ko'ina ba. A ɓawon da muke takawa, ƙarfe bai wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba. Tun a 1798 Henry Cavendish ya auna a ɗakin bincikensa a Ingila ya tarar cewa duniya gaba ɗayanta ta fi ruwa nauyi kusan sau biyar da rabi, alhali duwatsun da muke gani ba su kai sau uku ba. Ashe akwai wani abu mai nauyi ƙwarai a ɓoye. Bayanin masana shi ne, a farkonta duniya ta yi zafi har ta narke, sai ƙarfe da nikel suka nutse zuwa tsakiya, duwatsu marasa nauyi suka taso sama. Mai wankin kuza ya san wannan: yana jujjuya kwano, ruwa na tafiya da yashi, baƙar kuza mai nauyi tana kwantawa a gindi. Kakanninmu masu narka tama su ma sun sani, gama a cikin wuta ƙarfe yakan rabu da kashinsa. Masana suna ganin cewa mafi yawan zinariyar duniya ma ta bi ƙarfe zuwa can ciki, abin da ake kashe juna a kansa a ramuka ragowa ce kawai.

Wannan ka'ida tana aiki a zuciyar mutum. Abin da ya fi nauyi a wurinka shi ne zai gangara ya zama tsakiyar rayuwarka, ko ka faɗa da baki ko ba ka faɗa ba. Ubangiji Yesu ya koya mana a Matiyu 6:21 cewa zuciya tana bin dukiya duk inda aka ajiye ta. Yaranmu sun fi kowa sanin abin da ya nutse a tsakiyar gidanmu. Suna ganin abin da ke tayar da Baba da asuba da abin da yake cewa ya gaji a kansa. Suna jin abin da Mama ke faɗa game da maƙwabciya bayan an dawo daga zumuntar mata. Ankon biki, da sunanmu a jerin masu ba da gudummawa, da kujerar gaba a majami'a, duk ɓawo ne. Annabi Sama'ila ya ga tsayin Eliyab da kyansa ya ɗauka ya sami sarki, Ubangiji ya tuna masa cewa shi zuciya yake dubawa (1 Sama'ila 16:7).

'Yan'uwa huɗu, kaya ɗaya

Duniyarmu ba ita kaɗai ce ta dutse ba. Huɗu ne mafi kusa da rana, kuma duk an gina su da kaya iri ɗaya: zuciya ta ƙarfe, tsoka da ɓawo na dutse. Ta fari ita ce Makuri, ƙarama, wadda zuciyarta ta cinye kusan kashi 85 cikin ɗari na faɗinta. Ta biyu ita ce Zara, wadda muke kira matar wata. A girma kusan ɗaya take da duniyarmu, a sama kuma ba tauraron da ya kai ta haske. Amma zafin fuskarta kusan digiri 465 ne, ya isa ya narkar da darma, iskarta kuma ta fi tamu nauyi fiye da sau 90. Kumbon Sobiyet mai suna Venera 13 da ya sauka a can a 1982, minti 127 kawai ya yi yana aiki. Ta uku tamu ce. Ta huɗu ita ce Mas, wadda take ja saboda tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙurarta.

Wani yanki na Mas ya taɓa faɗowa a ƙasarmu. Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami cikin lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da shi ya nutse a ƙasa. A 1995 masana suka ba da rahoton cewa iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar Mas, wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a 1976. Dutsen kuwa dangin baƙin dutsen nan ne da aman wuta ya bari a wurare irin su Panyam da Biu. Hannu ɗaya ne ya yi su, da kaya ɗaya.

To, me ya sa a nan ake noman dawa, a can kuwa ko ciyawa babu? Dalilan suna da yawa, nisa daga rana da girman kowace duniya suna ciki. Amma akwai wanda ke ɓoye. Narkakken ƙarfen da ke zuciyar duniyarmu ba ya tsayawa. Mai zafi na tasowa, wanda ya huce na nutsewa, juyawar duniya kuma tana murɗa shi. Wannan motsi yana haifar da lantarki, lantarkin kuma ya mai da duniya babban maganaɗisu. Shi ne ke juya allurar kamfas zuwa arewa. Shi ne kuma garkuwar da ke karkatar da guguwar ƙwayoyin da rana ke fesowa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Manomi yana gona, jariri yana goye, ba wanda ya san ana kare shi, abin da ke kāre su kuwa yana can kilomita dubu uku ƙarƙashin ƙafafunsu, cikin duhu.

Mas ma ta taɓa samun irin wannan garkuwa, gama tsofaffin duwatsunta suna ɗauke da alamarta har yanzu. Ta taɓa samun koguna da tafkuna, ga busassun kwaruruka nan kumbuna sun ɗauki hotonsu. A lissafin masana, kimanin shekara biliyan huɗu da suka wuce garkuwar ta mutu. Da yake Mas ƙarama ce, ba ta da ƙarfin riƙe iskarta sosai, guguwar rana kuma ta yi ta zaizayarta, har yau nauyin iskar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Hukumar NASA ta sauke na'urar InSight a can a 2018, ta saurari girgiza fiye da 1,300 kafin ta daina aiki a 2022. Abin da ta gano ya ba ni tsoro. Zuciyar Mas tana nan, ƙarfen yana nan, mafi yawansa ma har yanzu a narke yake. Motsin da ke haifar da garkuwa ne ya tsaya.

Wannan ba shi ne hoton ikkilisiyar Afisa ba? A Wahayin Yahaya sura 2 Ubangiji ya yaba aikinta, da jimirinta, da yadda ta ƙi manzannin ƙarya. Koyarwa tana nan daidai, ba abin da ya ɓata. Laifi ɗaya ya kama ta da shi, wato ƙaunar da ta fara da ita ta huce. Gidaje nawa ne a cikinmu suke haka? Littafi Mai Tsarki yana kan tebur, katin baftisma yana cikin akwati, zakka tana fita, ba a fashin sujadar Lahadi. Amma an yi wata shida ba a taru an durƙusa tare ba. Kowa yana ɗakinsa da wayarsa. Miji da mata suna magana a kan kuɗin makaranta da cefane kawai. Ba a faɗa, ba a zagi, kuma ba a neman gafarar juna. Irin wannan gida ba ya rushewa dare ɗaya. Kaɗan kaɗan iskarsa ke tafiya, sai wata rana iyaye su farka su tarar ɗansu ya kai shekara ashirin, yana da sunan Kirista, amma ba abin da ke kāre shi daga duk wata guguwar da ta taso a jami'a ko a intanet.

Kalma ga iyaye da ɗalibai

Na san wasu iyaye sukan tsorata idan yaro ya dawo hutu da irin waɗannan bayanai, musamman lissafin shekaru. Kada mu tsawata wa yaro domin ya yi tambaya. Masu bi na ƙwarai sun daɗe suna tattauna yadda za a fahimci kwanakin Farawa sura 1, ba su kuma daina zama 'yan'uwa ba. Kada kuma mu tilasta wa Ayuba ya zama malamin kimiyya. Ruhu Mai Tsarki bai ba mu wannan littafi domin ya koya mana zurfin zuciyar duniya a kilomita ba. Ayuba ya yaba gwanintar mahaƙi, sa'an nan ya tambayi inda za a sami hikima, ya kuma rufe surar da nuna cewa tana cikin tsoron Ubangiji da rabuwa da mugunta. Ku ɗalibai, ku yi karatunku da ƙwazo, ƙasarmu tana bukatar masanan duwatsu masu tsoron Allah. Na'ura za ta faɗa muku da me aka yi duniya. Wanda ya yi ta, da abin da yake nema daga gare ku, wannan sai a Maganarsa. Zabura 95:4 ta tabbatar mana cewa zurfafan wuraren da injin Kola ya kasa kaiwa suna cikin tafin hannunsa.

Kammalawa

Karin Magana 4:23 ta umarce mu mu tsare zuciya fiye da kome, domin daga cikinta rai yake ɓuɓɓugowa. Ga bambancinmu da Mas: ita ba mai sake motsa zuciyarta, amma mu an ba mu dama. Ubangiji ya kira Afisa ta tuna, ta tuba, ta koma ga ayyukanta na fari. Bulus ya tuna wa Timoti bangaskiyar da ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, sa'an nan ya ce masa ya hura wutar baiwar da ke cikinsa (2 Timoti 1:5-6). Wutar da aka gāda ma sai an hura ta.

Saboda haka, maigida, kada ka jira sabuwar shekara. A daren yau bayan tuwo, ka tara iyalinka, a ajiye wayoyi minti goma sha biyar. A karanta sura ɗaya, a bar ƙaramin yaro ya yi tambaya, a yi addu'a ana kiran sunan kowa. Idan akwai wanda ka ɓata wa rai a gidan, ka fara da neman gafararsa a gaban yara. Uwargida, idan maigida ba ya nan, ko bai yarda ba tukuna, ki fara da 'ya'yanki, gama ta wurin uwa da kaka Timoti ya samu. Ba wanda zai gani, ba za a sanar a majami'a ba. Amma ranar da ƙasa za ta motsa a ƙarƙashin gidanku, abin da kuka ajiye a ɓoye shi ne zai riƙe ku, har ku tsaya cikin mulkin nan da Ibraniyawa 12:28 ta ce ba ya girgizuwa.

Rijiyarmu ta ba da ruwa bayan an ƙara mata gaba biyu. Jikana kuwa na ba shi amsarsa da dafaffen ƙwai a hannu, muka kuma karanta Ayuba 28 tare.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba Maɗaukaki, kai da ka kafa harsashin duniya, ka kuma san abin da ke cikin duhunta, ka bincike zukatanmu da gidajenmu. Inda ƙauna ta huce, ka sake hura ta ta wurin Ruhunka. Ka zama abin da ya fi kome nauyi a tsakiyar iyalanmu. Ka tsare 'ya'yanmu a makarantu, ka ba su ilimi tare da tsoronka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.